Tarihin Tayar da Kwamfuta Daga Filash

Tayar da kwamfuta daga filash hanya ce ta ɗora babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da dukan aikin kwamfuta kamar Linux ko Windows, a kan filash maimakon faifan ajiya na cikin na'urar. Idan aka cusa filash aka kunna kwamfuta, sai a umarce ta ta tashi daga gare shi. Manhajar za ta loda kanta cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, ta yi aikinta, ba tare da ta taɓa abin da ke faifan ciki ba, sai in mai kwamfutar ya so.

Dabarar ta girmi filash. A ƙarshen 1992 Adam Richter ya fitar da Yggdrasil a Amurka, wani Linux da ke iya aiki kai tsaye daga faifan CD. Amma wanda ya kai abin hannun jama'a shi ne Bajamushe Klaus Knopper, da manhajarsa Knoppix a 2000. Ya matse manhajoji na kusan gigabait 2 cikin CD mai megabait 700, ya kuma sa ta gane kayan kowace kwamfuta da kanta, daga allo har lasifika. Wannan shi ne mawuyacin aikin, domin ba a san irin na'urar da za a saka faifan a ciki ba. Daga 2004 kamfanin Canonical ya riƙa aika faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya zuwa kowace ƙasa har 2011, abin da ya taimaki waɗanda intanet ɗinsu ba zai iya sauke irin wannan kaya ba.

CD na da naƙasu biyu: jinkiri, da kuma rashin ajiye aikin da aka yi. Filash ya shigo kasuwa a 2000 ta hannun Trek na Singafo da kuma M-Systems na Isra'ila tare da IBM, sai dai megabait 8 kacal yake ɗauka. Tayar da kwamfuta daga filash ya yiwu ne bayan filash ya girma, USB 2.0 mai saurin megabit 480 a daƙiƙa ya yaɗu, masu ƙera kwamfuta kuma suka ba ta damar tashi ta wannan kafa. A 2003 aka sami ƙananan manhajoji biyu da suka dace da shi: Damn Small Linux mai megabait 50, da Puppy Linux na Barry Kauler ɗan Ostareliya, wadda har yau take rayar da tsofaffin kwamfutoci. Da Asus Eee PC ta fito a 2007 ba ta da wurin saka CD, filash ya zama dole. Manhajar haɗa filash ta UNetbootin ta zo a 2007, Ubuntu 8.10 ta zo da nata kayan haɗa filash a 2008, Rufus a 2011.

Muhimmin ci gaban shi ne ware wani sashe na filash don ajiya, ta yadda takardun mutum da saitinsa za su bi shi duk inda ya je. A nan ne abin ya fi shafar mu, inda ɗalibai da yawa ke aiki da kwamfutar aro ko ta shagon intanet. Manhajar yara ta Sugar, wadda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007 ƙarƙashin shirin ba kowane yaro kwamfuta, an mayar da ita kan filash a 2009, domin yaro ya ci gaba da karatunsa a kowace kwamfuta ya samu. Sayen filash ga aji guda ya fi sayen kwamfutoci sauƙi nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne yadda makarantunmu ba su rungumi wannan hanya ba.

Wasu kuma mantuwa suke nema. Tails, da ta fito a 2009, tana bi da duk zirga-zirgar intanet ta Tor, wata hanya da ke ɓoye mai amfani, kuma tana goge komai da zarar an kashe kwamfuta. Edward Snowden da 'yan jaridar da ya ba asiran leƙen asirin Amurka a 2013 sun yi aiki da ita. Microsoft ma ta gwada tayar da kwamfuta daga filash da Windows To Go a 2012, ta daina haɓaka shi a 2019.

A shekarar 2012 ɗin ne tsarin tsaro na Secure Boot ya zo da Windows 8, wanda ke hana manhajar da ba ta da sa hannu tashi. Manyan Linux sun warware wannan da ƙaramar manhaja da Microsoft ta sa wa hannu. Wata matsalar kuma ita ce filash yana gajiya da yawan rubutu, na jabu kuma yakan lalata ajiya. Yau da yawa daga cikin masu aiki da dabarar masu gyara ne, irin na titin Beirut a Kano, don ceto takardu daga kwamfutar da ta ƙi tashi ko sake mata Windows. Tun 2020 Ventoy ta ba su damar tara manhajoji da dama a filash ɗaya, su zaɓi wadda suke so a lokacin kunnawa.