Noman Kokwamba a Buhu a Gidajen Kura da Bunkure: Nazarin Ruwa, Ƙasa da Lokacin Shuka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dacewar noman kokwamba a cikin buhu a gidajen da ke yankin shirin noman rani na Kogin Kano, musamman ƙananan hukumomin Kura da Bunkure. An dogara da abin da masana suka rubuta game da shirin, da kuma ma'aunan buƙatar ruwa na hukumar abinci da aikin gona ta duniya, FAO, aka yi lissafi da su bisa yanayin Kano. Sakamakon ya nuna cewa buhu ba ya rage ɗawainiyar ban-ruwa, ƙara ta yake yi, kuma ba zai kama ƙafar gona ba wajen yawan amfani. Fa'idarsa tana ga wanda ba shi da fili, da ƙasar da tsutsar saiwa ba ta kama ba, da kuma shuka a cikin hunturu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a watan Fabrairu, ya wuce Kura ya nufi Kadawa, zai yi mamakin a ce ana maganar noma a buhu a wannan wuri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da inji ba, zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na shirin a kan kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa su ne ginshiƙan noman yankin.

Noman buhu kuwa a matsatsi ya yi suna. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda babu fili ko taku ɗaya, ƙungiyar agaji ta Solidarités ta yaɗa shi bayan rikicin zaɓen Kenya na 2007 zuwa 2008. A Najeriya tsadar abinci ce ta farfaɗo da maganarsa, har uwargidan shugaban ƙasa ta gudanar da gasar lambun gida a 2024. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: dabarar da aka ƙirƙiro don marasa fili, me za ta tsinana wa mutanen da ke zaune a tsakiyar gonakin rani?

2.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bita ne da lissafi. An ɗauki ma'aunan kokwamba daga littafin FAO mai lamba 56 na Allen da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1998, da ma'aunin jure gishiri na Maas da Hoffman na 1977. Kokwambar da ake magana a kai ita ce Cucumis sativus, wadda asalinta daga Indiya ne, ba gurjin gida ba, wanda ya fi ta jure ƙishi da zafi.

3.0 Wanda Ruwan Kanal Bai Kai Gare Shi Ba

Yawan ruwa a yanki ba ya nufin kowa na da rabo. Binciken Tina Wallace a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa tsadar noman rani ta sa ƙananan manoma da dama suna ba masu hali hayar gonakinsu. Cecile Jackson kuma, a littafinta na 1985 kan wannan shiri, ta bi diddigin abin da ya sami mata, ta nuna cewa hannun matan kulle ya fi shiga arzikin shirin ta hanyar sana'o'in cikin gida, kamar sayar da abinci, maimakon ta hanyar gona. Ga kuma manoman ƙarshen kanal, waɗanda ruwa ke isa wurinsu a makare saboda yashi da kacalla da suka toshe hanya. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka kawo shirin gyara na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

A ganina waɗannan mutane ne asalin masu buhu: matar da ke tsakar gida, da matashin da gadon gidansu bai kai a raba ba, da dattijon da ƙafa ta daina kai shi gona. Kuskure ne babba malamin gona ya je wa mai hekta guda a bakin kanal da wannan dabara yana ce masa hanyar arziki ce. Zai kwatanta ta da gonarsa, ya ga ba ta kai ba, ya yi watsi da ita, kuma yana da gaskiya.

4.0 Lissafin Ruwa

Nan ne aka fi yaudarar mutane. Ana yawan cewa buhu na tattalin ruwa. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce ruwan ba ya malala a banza kamar yadda yake yi a ban-ruwan kwari. Abin da ba a faɗa shi ne buhu ba shi da ajiya.

A buɗaɗɗiyar ƙasa, littafin FAO ya ba saiwar kokwamba zurfin da zai iya kai santimita 70 zuwa 120, duk da cewa mafi yawanta a sama-sama take. Ya kuma nuna cewa shukar na fara jin ƙishi da zarar ta shanye rabin ruwan da ƙasa ke iya ba ta. To, a ɗauki buhun taki mai cin kilo 50, a naɗe bakinsa, a zuba masa ƙasa kimanin lita 30. Ƙasa mai jigawa da aka gauraya da taki takan riƙe ruwan da shuka za ta iya sha kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na girmanta, wato lita 3 zuwa 4 da rabi. Rabin wannan bai wuce lita 2 da kwata ba. Ita ce duk dukiyar da ke cikin buhun.

A ɗaya ɓangaren, idan kokwamba ta cika ganye ta fara 'ya'ya, FAO ta sa ma'auninta a kan 1.0, ma'ana tana shan ruwa daidai da abin da rana da iska ke ɗauka daga ciyawa mai ƙoshin ruwa. Idan an ƙaddara milimita 6 a yini, kuma ganyen shuka ɗaya ya rufe kashi 4 cikin 10 na murabba'in mita, buƙatarta ta kai lita 2.4. A bazara, watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, buƙatar za ta haura lita 3. Ke nan abin da ke fita a yini ya fi abin da buhun ke iya ajiyewa. Ban-ruwa sau ɗaya ba zai isa ba. Sai safe da yamma. A bazara buhu goma za su ci fiye da jarka guda mai lita 25 kowace rana, kuma idan an sa shuka biyu a buhu ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don ƙwaɗayin yawa, lissafin ya ninka.

Sakamakon fashin kwana ɗaya ba ƙarami ba ne. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na ɗan kokwamba ruwa ne. Ƙishi na sa fure ya zube, 'ya'ya su lanƙwashe, sannan sinadarin ɗaci da ake kira kukabitasin ya ƙaru, musamman ta wajen gindin ɗan. Matar da ta yi tafiyar biki ta kwana biyu ba ta bar wa kowa sallahu ba, za ta dawo ta tarar da kokwamba mai ɗaci ko da shukar ta farfaɗo. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa gida ita ce ko akwai rijiya a kusa da kuma wanda ba ya fashin zama. Gidan da ke sayen ruwa wurin mai ga-ruwa sai ya yi lissafin kuɗin jarka na wata biyu kafin ya fara.

Ana iya rage nauyin. Rufe bakin buhu da ɓuntu ko busasshiyar ciyawa yana hana ƙasa saurin bushewa. Farin buhu ya fi baƙar leda, domin baƙa na dafa saiwa da rana. Jera buhunan ta gabashin katanga yana ba su ranar safe, ya kare su daga ta la'asar.

Akwai kuma gishiri. Ma'aunin Maas da Hoffman ya nuna amfanin kokwamba na fara raguwa idan gishirin ƙasa ya haura 2.5 a ma'aunin desisimen, daga nan kowane ƙarin ɗaya na cin kimanin kashi 13 cikin ɗari. A buhu, duk abin da takin zamani da kashin kaji da ruwan rijiya suka bari yana taruwa ne a wuri ɗaya. Dole a huda gindin buhu, a ɗora shi kan tsakuwa ko bulo, a riƙa ba shi ruwa lokaci-lokaci har ya tsiyaye ta ƙasa. Ruwan wanki mai sabulu ko omo bai dace da shi ba.

5.0 Abin da Ake Zubawa a Ciki

Babbar fa'idar buhu a wannan yanki ita ce manomi ne ke zaɓen ƙasarsa. Filin da aka daɗe ana maimaita tumatir a cikinsa da ban-ruwa yakan tara tsutsar nan ta dangin Meloidogyne, wadda ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi. Kokwamba na cikin waɗanda take kamawa sosai. Wanda ya ɗebo ƙasa daga gonar tumatir ya cika buhu, ya ɗauko cutar da hannunsa ya kawo gida, kuma ya zubar da dalilin yin buhun tun farko. Idan babu wata ƙasar, a jiƙa ta, a baza, a lulluɓe da farar leda mai gani-har-hanji na mako huɗu zuwa shida a zafin bazara.

Kura gari ne na shinkafa, injinan casa na fitar da ɓuntu tsibi-tsibi. Idan aka babbaka shi ya zama gawayi ba tare da ya koma toka ba, yana sa ƙasa ta yi sako-sako, iska ta shiga, ruwa ya wuce. Haɗin da ya dace shi ne kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na gawayin ɓuntu. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa. Takin zamani kuma kaɗan-kaɗan ake ba shi, nesa da gindi, domin yawan ban-ruwa na wanke shi.

6.0 Lokacin Shuka

Kokwamba na saurin biyan mai ita: daga shuka zuwa tsinkar farko kwana 45 zuwa 55 ne a mafi yawan iri. Kasuwarta a Arewa ta fi tashi da azumi, lokacin da ake neman abin sanyaya maƙoshi wajen buɗe-baki. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ya kai farkon Janairu a 2030. Ma'anar wannan ita ce duk mai son kokwambar azumi a waɗannan shekaru sai ya shuka a Disamba, daga baya ma a Nuwamba, 'ya'yan su zo a tsakiyar hunturu.

Shukar ba ta son sanyi. Irinta ba ya tsiro da kyau idan ɗumin ƙasa ya gaza digiri 15, kuma daren Disamba da Janairu a Kano yakan sauka ƙasa da haka. A fili iskar hunturu na busar da ganye, girma ya tsaya. Katangar gida kuwa tana tare iska, tana shan zafin rana ta sake shi da dare, kuma buhu na ɗaukar ɗumi da safe fiye da ƙasar fadama. Ana iya matsar da shi gindin bango ko a rufe shukar da tsohon buhu da dare tana ƙarama. Wannan wata dama ce da mai tsakar gida ke da ita a kan mai gona, kuma ta cancanci a auna ta a tashar binciken noman rani ta Kadawa, ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello: a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a fili da kuma bayan katanga, a rubuta ɗumin ƙasa da asuba da ranar tsinkar farko.

Da damina lissafin ya juya. Ruwa ya wadata, amma danshi na kawo cutar da ke sa ganye ɗigo-ɗigon rawaya ya bushe. Ɗaga yaɗo a kan igiya ko rumfar kara, da zuba ruwa a gindi maimakon kan ganye, suna rage ta.

7.0 Iri da Barbara

Tsofaffin irin da ake samu a kasuwa, kamar Poinsett 76 da Marketmore 76, suna fitar da furen namiji daban, na mace daban, don haka sai ƙudan zuma ya ɗauki garin fure daga wannan ya kai wa wancan. A gidan da ke kewaye da katanga zuma kan yi ƙaranci, sai a ga ɗan ƙaramin kokwamba ya yi rawaya ya faɗi, a ɗauka cuta ce, a sayo maganin feshi, wanda ke kashe sauran zuman da ya rage. Maganin a hannu yake: da safe a tsinko furen namiji, a cire ganyensa, a goga a cikin na mace, wanda ake ganewa da ɗan kumburi a bayansa. Darɓa kuwa, ruwan 'ya'yan darbejiya da aka fesa da yamma ya fi dacewa da wurin da yara da kaji ke kai-kawo.

Shirin HortiNigeria, wanda ya fara a 2021 da tallafin ƙasar Holan, ya koyar da noman kayan lambu da ingantaccen iri a jihohin Kano da Kaduna. Irin aure da ake wa laƙabi da F1 ya fi yawan 'ya'ya, amma ana sayar da shi a ƙunshin da ya fi ƙarfin mai buhu goma, kuma idan aka ajiye 'ya'yansa don shuka ta gaba ba ya maimaita halin uwarsa. Ga mai noma don tukunyar gida, tsohon irin da za ta iya ajiyewa ya fi mata. Idan kuma na auren ake so, sai matan unguwa su haɗa kuɗi kamar adashi, su sayi ƙunshi ɗaya su raba ƙwaya-ƙwaya.