Dutsen Kashmir: yadda sunan wuri ya zama kuɗi

Yau hirarmu a kan safaya ce, shuɗin dutsen nan mai daraja da 'yan kasuwarmu suka fi kira da bulu.

Ɗauki safaya biyu, nauyi ɗaya, launi kusan ɗaya. Sinadarinsu ma ɗaya ne, ɗan ƙarfe da taitaniyam da ke ciki su ke ba su shuɗi. Amma idan takarda ta ce ɗaya daga Kashmir ya fito, kuɗinsa zai iya ninka na ɗan'uwansa sau da yawa. To me ya jawo haka?

Labarin ya faro ne wajen 1881, a yankin Padar cikin tsaunukan Himalaya. Ƙasa ta zaftare a wani kwari mai tsayin kusan mita 4,500, sai ga shuɗayen duwatsu a fili. Ana cewa mutanen wurin ba su san darajarsu ba, har musanyensu suke yi da gishiri. Da labari ya kai kunnen Sarkin Kashmir, Maharaja Ranbir Singh, sai ya tura dakaru suka tsare wurin, aka shiga haƙa da sunan sarauta. Ku tuna fa, ƙanƙara ce ke rufe wurin galibin shekara, watanni biyu zuwa uku kawai ake samun damar aiki. Duk da haka, tsakanin 1882 da 1887 aka kwashe abin da ke ramin. Da masanin duwatsu La Touche ya isa a 1887, ya tarar ramin farko ya kusa ƙarewa. An yi ta komawa daga baya, amma ba a sake samun irin wancan arzikin ba.

Wato kusan duk wani babban safayan Kashmir da ke yawo a duniya yau, daga waɗancan 'yan shekarun ya fito. Kuma gaskiya yana da kyau. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a cikinsa masu watsa haske, sai shuɗin ya yi laushi a ido kamar karan-miski, kuma ko a hasken fitila bai cika dusashewa ba.

Ga misali da alƙaluma. A Nuwamban 2014, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da Blue Belle of Asia a Janiba, safayan Siri Lanka mai karat 392, a kan dala miliyan 17 da ɗoriya. Kuɗi ne masu yawa, amma idan ka raba, kowane karat bai kai dala 45,000 ba. Bayan shekara guda, Sotheby's ya sayar da wani na Kashmir mai karat 27.68 a Hon Kon, kowane karat sama da dala 240,000. Karat ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Ku yi lissafi da kanku.

A kasuwa, bayan Kashmir sai na Mogok a Bama, sannan Silon. Abin dariya, ƙasashen biyu sun sauya suna, Silon ta koma Siri Lanka tun 1972, Bama ta koma Miyanma a 1989, amma masu sayar da dutse sun ƙi sakin tsofaffin sunayen, don a nan kuɗin yake.

To wa ke cewa dutse daga wuri kaza ya fito? Ɗakunan bincike, irin su Gübelin da SSEF a Suwizalan da GIA a Amurka. Suna duba abin da ke cikin dutsen da madubin ƙara girma, su auna sinadaransa, su ba da takarda. Amma a lura, ra'ayin ƙwararru ne, ba su ga lokacin da aka haƙo shi ba, kuma akan samu ɗakuna biyu su saɓa a kan dutse ɗaya. A 2016 aka samu safaya a Bemainty ta Madagaska wanda ya yi kama da na Kashmir ƙwarai, har SSEF ta fitar da gargaɗi ga 'yan kasuwa a 2017. Ni a ganina wannan ya tona asirin lamarin: idan sai ƙwararre ya zura ido a na'ura kafin ya bambance su, to mai saye tarihi da ƙarancin abu yake biya, ba kyau kaɗai ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Safayan tsaunin Mambila a jihar Taraba ya ja hankalin duniya wajen 2014, ga shi garau, ga girma. Galibi ɗanye yake fita zuwa Tailan da Siri Lanka, can ake yanka shi a goge, wani a gasa shi da wuta don launin ya gyaru. Kafin ya isa shagon Turai ya bi ta hannu da yawa, kuma ba kasafai mai shagon ke ambaton Mambila ba, tunda sunan bai ƙara masa ko sisi a kan farashi.