Suwan a Ɗakin Karatu: Yadda Tsuntsu Ɗaya Ke Ɗaure Darussa Wuri Guda

Gabatarwa

Jadawalin darussa yakan yanka ranar ɗalibi gunduwa-gunduwa. Minti arba'in na lissafi, a kaɗa ƙararrawa, malamin tarihi ya shigo. Kafin yaro ya haɗiye abin da aka ba shi, an goge allo an rubuta wani kan darasi. Daga nan ake samun ɗalibin da ya iya fitar da kashi cikin ɗari a takardar jarrabawa, amma idan aka miƙa masa adadin wani abu na zahiri sai ya rasa ta inda zai kama. Ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo shi ne a ɗauki abu guda mai rai a bi shi ta cikin fannoni da yawa, ya zama maɗaurin tsintsiya. Wannan maƙala ta ɗauki suwan a matsayin misali, domin nuna cewa hanyar tana aiki, amma bisa sharaɗi: kowane fanni ya zo wa tsuntsun da tambaya ta gaske, wadda sai da kayan aikin fannin za a iya amsa ta.

Suwan babban tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya, dangin agwagwa da dinya. Ba ya rayuwa a ƙasar Hausa. Mazauninsa Turai da arewacin Asiya da nahiyar Amurka da Ostareliya. Namijin irin wanda ya fi yawa a Ingila yakan haura kilo 10, fukafukansa idan ya buɗe su sukan wuce mita 2, kuma wuyansa na da gaɓoɓin ƙashi fiye da 20, alhali na ɗan Adam 7 ne.

Ƙidayar Kogin Tems

Kowace shekara a mako na uku na watan Yuli, wasu mutane cikin kwale-kwale shida sukan haura kogin Tems na Ingila daga Sunbury zuwa Abingdon, tafiyar mil 79, kimanin kilomita 127, cikin kwana biyar. Da zarar sun hango iyayen suwan da 'ya'yansu, sai kwale-kwalen su yi musu ƙawanya, su matso a hankali har a kama su. A kan gaɓa ake ɗora kowane ɗan tsako a ma'auni, a auna shi, a duba ko ƙugiya ko zaren kamun kifi ya ji masa rauni, sannan a mayar da iyalin cikin ruwa tare. Jami'in sarki mai kula da aikin, David Barber, yana riƙe da muƙamin tun 1993, kuma akan gayyaci 'yan firamare zuwa bakin kogin su ga abin da idonsu, su yi tambayoyi.

Malamin lissafi ba ya bukatar ƙirƙiro tambaya a nan. Kilomita nawa ake ci a rana? Mene ne matsakaicin nauyin 'yan tsakin da aka auna? Idan adadin bana ya gaza na bara, da kashi nawa ya gaza? Malamin tarihi kuma zai tambayi dalilin da ya sa sarauta ta damu da tsuntsu tun farko. Amsar tana komawa ƙarni na 12, lokacin da naman suwan yake abincin bukin manya, har masarauta ta ɗauki duk wanda ba shi da shaida a matsayin mallakarta. A ƙarni na 15 aka ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa biyu na Landan, ta masu rini da ta masu fataucin giyar inabi, haƙƙin mallakar wasu. A da akan tsaga bakin tsuntsu don shaida, yau zobe ake sa masa a ƙafa. Al'adar da aka kafa don cika akushi ta koma aikin kare halitta, kuma ɗalibi ya ga yadda hukuma takan daɗe alhali manufarta ta sauya.

Dalma a Cikin Ƙundu

Darasin da ya fi kowanne armashi shi ne na dalma, domin bincike ne irin na gano mai laifi. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980 suwan ya yi ta raguwa a wasu kogunan Ingila. Ana tsintar tsuntsaye sun rame, wuyansu ya lanƙwashe sun kasa ɗaga shi. Malami zai iya ba ɗalibai alamun ɗaya bayan ɗaya. Na farko, suwan ba shi da haƙori. Tsakuwa yake haɗiya ta taya ƙundunsa niƙa ciyawa, kamar dai kazar gida. Na biyu, a lokacin masu kamun kifi da fatsa suna ɗaura 'yan ƙwayoyin dalma a jikin zare don ya nutse, kuma da yawa suna zubewa a ruwa. Na uku, dalma guba ce mai lalata jijiyoyi. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan uku da kansa ba zai manta da su ba: tsuntsu ya ɗauki dalma a zaton tsakuwa, ƙundu ya niƙe ta, guba ta shiga jini.

A 1987 aka kafa dokar hana amfani da mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyin dalma, kuma cikin shekarun da suka biyo baya adadin suwan ya farfaɗo. A darasi guda an taɓo kimiyyar halittu da ta sinadarai da ilimin zaman ɗan ƙasa, domin ɗalibi ya ga yadda hujja takan zama doka. Mu da muka ji raɗaɗin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, mun san wannan darasi ya wuce maganar tsuntsu.

Zane, Taswira da Ƙaura

A Slimbridge da ke yammacin Ingila, Peter Scott, mai zane kuma masanin tsuntsaye, ya lura a 1964 cewa wasu suwan na ƙaramin iri da ke zuwa tafkin gaban gidansa, kowannensu da irin tsarin rawaya da baƙi a bakinsa, ba wanda ya yi daidai da na wani. Shi da iyalinsa suka shiga zana bakunan, suna raɗa wa kowane tsuntsu suna. Aikin ya ci gaba har aka tattara bayanin tsuntsaye kusan 10,000. Da buroshi da fenti aka san wanda ya dawo, da wanda ya riƙe abokiyar zamansa shekara da shekaru.

Ajin zane-zane da aka ba hotunan bakuna biyar aka ce a bambance su, lura yake koyo, kuma lura ita ce ƙofar kimiyya. Ajin labarin ƙasa zai bi hanyar tsuntsayen a taswira, kimanin kilomita 3,500 daga can arewacin Rasha, ta gaɓar tekun Baltik zuwa Holan da Ingila. Ajin lissafi zai karɓi ƙidayar wannan irin a arewa maso yammacin Turai, wadda ta sauko daga kimanin 29,000 a 1995 zuwa kimanin 18,000 a 2010, ya fitar da raguwar kashi 38 cikin ɗari, sannan a koma ga tambayar dalili.

Adabi da Mantiƙi

A 1843 marubucin Denmak Hans Christian Andersen ya fitar da labarin ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe cikin agwagi, ake yi masa gorin muni, daga baya ya zama suwan. Kimiyya ta gaskata rabin labarin, don 'ya'yan suwan da launin toka suke fitowa. Amma malamin adabi nagari zai jefa muhawara: haƙuri labarin ke koyarwa, ko kuwa cewa daraja a ƙwai take?

Ga manyan ɗalibai akwai baƙin suwan. Shekaru aru-aru Turawa ba su san wani ba sai fari, har mawaƙin Rum Juvenal ya buga misali da baƙi a kan abin da ba a samu. A 1697 matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan Willem de Vlamingh ya tarar da baƙaƙe a wani kogi na yammacin Ostareliya. Masanin falsafa Karl Popper ya yi amfani da suwan wajen nuna cewa farare dubu ba su tabbatar da hukunci, amma baƙi ɗaya ya isa ya rushe shi. Da wuya a samu hanyar koyar da iyakar hujja da ta fi wannan sauƙi.

Inda Hanyar Ke Tuntuɓe

Masu sukar wannan salo suna da hujja. Sau da yawa jigo yakan zama ado kawai: a manna hoton suwan a saman takardar tarawa da ɗebewa a ce an haɗa fannoni. Sannan lissafi hawa-hawa ne, ba a tsallake mataki don tsuntsu ya bukaci haka. Amsar ita ce jigo ba ya maye gurbin manhaja, wuri ne da ake gwada abin da aka koya. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan aka cire suwan aka sa kujera amma darasin bai sauya ba, to babu haɗin da aka yi. A darasin dalma, cire tsuntsun rushe darasin ne.

Kammalawa

Ƙarfin waɗannan darussa yana cikin kusanci. Yaron bakin Tems ya ga tsuntsun, ya ji hucinsa, kuma gani ya kori ji. Don haka malamin da ke Kano ko Damagaram hanyar zai ara, tsuntsu kuwa yana da nasa. Shamuwa na isowa da ƙaratowar damina. A rubuta ranar zuwanta kowace shekara, a ƙidaya sheƙoƙinta, a bi hanyarta a taswira zuwa kudancin Afirka, a tattaro abin da tsofaffi ke faɗi a kanta. Kira ga malamai shi ne su zauna tare kafin a shiga zangon karatu, su zaɓi halitta guda da ɗalibansu ke gani kullum, kowa ya zo mata da tambayar fanninsa.