Masallacin Juma'a na Yama: Tarihin Wani Gini a Ƙasar Adar

Idan ana maganar gine-ginen tarihi a Jamhuriyar Nijar, hankalin ɗalibai yakan tafi ga hasumiyar Agadas ko fadar Sarkin Damagaram. Wannan takarda za ta dubi wani gini ne da ke Yama, ƙaramin gari a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, wanda shekarunsa ba su kai ko kusa da na waɗancan ba.

A shekarar 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga wani magini ɗan garin, Falke Barmu. An yi aikin ne irin na gayya: wasu na buga bulon ƙasa, wasu na ɗebo ruwa, wasu na saro itace. Abin da aka fara samu ɗaki ne mai kusurwa huɗu, rufinsa bisa ginshiƙai, ba shi da wani ado. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, Falke bai tsaya ga gyaran kaɗai ba. Ya ɗaura bakuna da itatuwan da aka lanƙwasa aka lulluɓe da laka, ya kuma tayar da tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Wannan rashin kamannin, a ganina, shi ne ya fi komai ƙawata ginin, domin yana nuna maginin na ƙara gwanancewa ne yana aiki, ba zanen takarda yake bi ba.

A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gini, a zagaye ɗaya da aikin gyaran Masallacin Ƙudus. Ke nan aikin maginin ƙauye ya zauna sahu ɗaya da na injiniyoyin duniya.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi: yana son yaɓe a kai a kai, musamman bayan damina, kuma yaɓe yana son hannaye da yawa. Inda matasa suka tafi cirani, ko masu hali suka fi sha'awar siminti da kwano, laka takan fara zaizayewa. Haka ta so faruwa a Dandaji, wani gari na jihar Tawa, inda tsohon masallacin da Falke ya tsara ya fara lalacewa, jama'a kuma na son sabo mai girma. Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, masu zanen gini, suka gina sabon masallacin da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, kuma magina na gargajiya ne suka gyara bangon tsohon ginin.