Hatsarin Efinal da tarihin sa ido kan gashin sankarar furostat

Wannan maƙala tana duban abin da ya auku a asibitin Efinal, gabashin Faransa, da yadda ya sauya dokokin radiyoterafi, wato gashin sankara da haske.

Furostat ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, jingine da hanjin dubura. Yakan ɗan gusa gwargwadon cikar mafitsara da hanji, shi ya sa ake ɗaukar hoto kafin gashi domin daidaita majinyaci. Daga 2001 zuwa 2006, a Efinal an riƙa ɗaukar wannan hoto kullum da hasken na'urar gashin kanta, ba tare da an cire nasa kason daga lissafi ba. Saboda haka maza wajen 400 suka samu ƙarin haske na kimanin kashi 8 cikin 100.

Kuskure na biyu ya fi muni. Daga Mayun 2004 zuwa Agustan 2005, an sauya dabarar rarraba haske, amma wani lissafin ya ci gaba bisa tsohuwar dabara. Manhajar da Ingilishi take, ma'aikata kuma ba su samu isasshen horo ba. Majinyata 24 suka sha ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Hanjinsu ya ƙone, wasu suka rasu. Ba a sanar da hukumomin ƙasa ba sai a Yulin 2006.

Daga nan gyara ya soma. A 2007 hukumar tsaron nukiliya, ASN, da ƙungiyar likitocin gashi, SFRO, suka kafa ma'aunin hatsari mai hawa 0 zuwa 7. A 2008 ASN ta wajabta wa kowace cibiya rubutaccen tsarin tabbatar da inganci. Aka kuma tilasta auna haske a jikin majinyaci da sake lissafi ta hanya ta biyu. A 2013 kotun Faris ta hukunta likitoci biyu da masanin fizik ɗaya, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta hukuncin.

Abin lura shi ne, hoton da aka kawo domin kariya shi ya zama hanyar cutarwa, don babu mai ƙidaya haskensa. Tun da aka buɗe sashen gashi na farko a Yamai a 2021, tambayar Efinal ta zama tamu: wane ne ke sake duba lissafin kafin a kunna na'ura?