Darasin Ramin Kwal na Inugu ga Gidajen Tarihinmu

Yaran da ake ɗauka aikin gidan tarihi a 'yan shekarun nan sun iya waya, sun iya hoto, amma da wuya ka samu wanda zai zauna a zaure tun hantsi har azahar yana sauraron tsoho. Mu kuwa da wannan aka fara mana. In an kawo homa ko tsohon taru, ba a rataye shi sai an rubuta wanda ya saƙa, gulbin da aka yi su da shi, da dalilin da ya sa aka jingine shi. Magabatanmu a aikin ba su yarda da bakin mutum ɗaya ba, sai an ji na wasu dattawan an gwada. Yau an bar wannan al'ada, ana ganin ɓata lokaci ce, alhali kayan sana'a in babu bayanin mai su tarkace ne kawai.

Mai shakka ya je Inugu. An gano kwal a yankin Udi a 1909, jirgin ƙasa ya fara kwasarsa zuwa Fatakwal a 1916, garin ya ginu a kansa. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙa 21 a Iva Valley, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta. Sai jiragen ƙasa suka koma dizal, yaƙin basasa ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka. Mu ma mutanen Kabi abin ya shafe mu, domin lantarkin Kainji da ya zo a 1968 ya rage bukatar kwal, kuma ruwan madatsar nan ne ya tashi ƙauyukan ƙasar Yawuri. An gina musu sababbin gidaje, amma hirar tsoffin garuruwansu tana ta bin masu ita kabari. Baƙon da ya je Inugu yanzu zai ga mutum-mutumin tunawa da mamatan, ya ga bakin rami ya yi ciyawa, ya rasa mai gaya masa yadda ake tokare rufin rami da katako. A Birtaniya akwai ramin Big Pit na yankin Wales, an rufe shi a 1980, aka buɗe shi gidan tarihi a 1983, tsoffin masu haƙar ne ke shiga da baƙi ƙarƙashin ƙasa. Can an riƙe mutanen tun suna da ƙarfi, a nan an tsaya ga gunki.

Za a ce Kabi ba ta da kwal, gadonta sarauta ce da bikin kamun kifi. Gaskiya ne gidan tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, ya adana tambura da makamai, kuma UNESCO ta sa bikin Argungu cikin gadon duniya a 2016. Sai dai abin da ake gani a Matan Fada, inda ake bikin, nuni ne na 'yan kwanaki. Sana'ar kanta ta canza tun da aka datse ruwa a Bakolori da Goronyo, ambaliyar da ke cika fadama ba ta zuwa yadda masunta da manoman shinkafa suka saba. Ga kuma manyan injinan casa, irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da na Labana a Birnin Kebbi, suna ture matan da suka rayu a kan turara shinkafa da sussuka. Wannan shi ne tarihin masana'antarmu, yana faruwa a gabanmu.

Masu cewa tsoho yana mantuwa yana ƙari ba su yi ƙarya ba, shi ya sa ake jin baki fiye da ɗaya. Batun kuɗi kuwa, wayar da ke aljihun kowane sabon ma'aikaci ta fi rikodar da aka yi aiki da ita a da. Ku sababbin ma'aikata, ku nemi izinin Sarkin Ruwa ku zauna da tsoffin masunta, 'yan matan cikinku su shiga gidaje wurin masu gumi, ku rubuta suna da gari da kwanan wata a kan kowace hira.