Zomayen Anichkov da dakarun da kitse ya daƙile

A shekarar 1913, a birnin Santa Fitasbag na Rasha, wani matashin likita mai suna Nikolai Anichkov ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol har kitse ya taru a bangon jijiyoyin jininsu. Tarihi ya ajiye wannan gwaji a babin ciwon zuciya. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ƙwayoyin da ya hango cike maƙil da kitse na garkuwar jiki ne, waɗanda aikinsu haɗiye datti.

A 1942 Albert Tannenbaum ya nuna a Cikago cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo sun fi saurin kamuwa da wasu nau'o'in ƙari. Dalilin ya daɗe a duhu.

Sai a 2018 tawagar Lydia Lynch ta haska wani ɓangarensa. A jikin mai ƙiba, kitse kan cika ƙwayoyin NK, dakarun da ke farautar sankara. Suna gane abokin gaba, har su manne masa, amma su kasa harba masa dafinsu. Da aka toshe hanyar ƙona kitsen a ɗakin gwaji, sai ƙarfin kisansu ya dawo.